Ibn al-Nafis

Ala'uddin Abul Hasan Ali ibn Abil Hazm al-Ƙurashi ad-Dimashƙi, wanda aka fi sani da Ibn al-Nafis (an haife shi tsakanin shekarar 1210 da 1213, ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1288), likita ne Balarabe kuma malamin fiƙihu a mazhabar Shafi'iyya. Ya yi karatu a Dimashƙa ta ƙasar Sham, ya yi aiki a Alkahira ta ƙasar Masar, inda ya kai matsayin shugaban likitoci. Shi ne mutum na farko da tarihi ya adana rubutunsa yana bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya, sai dai ya fita daga ɓangaren dama, ya bi ta huhu, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Ya kuma bayyana cewa naman zuciya yana samun abincinsa ne ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta. A waɗannan batutuwa biyu ya saɓa wa Jalinus da Ibn Sina, manyan malaman da likitocin zamaninsa ba sa ja da maganarsu.

Suna da asali

An haifi Ibn al-Nafis a Dimashƙa ko kusa da ita. Marubutan tarihinsa sun ce ya rayu kimanin shekara 80 a lissafin Hijira, abin da ya sa ake sanya haihuwarsa wajen shekara ta 607 bayan Hijira. Akwai saɓani kan yadda ake karanta nasabarsa, saboda rubutun Larabci na wancan lokaci yawanci ba a yi masa wasali. Wasu suna karantawa al-Ƙurashi, wato mai dangantaka da ƙabilar Ƙuraishawa, wasu kuma al-Ƙarashi, wato mutumin wani gari da ake kira Ƙarash. A littattafan likitocin da suka zo bayansa, musamman a Farisa da Indiya, da wannan nasaba aka fi ambatonsa, ba da sunan Ibn al-Nafis ba.

Karatu a Dimashƙa

Ya koyi aikin likita a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zanki ya gina a shekarar 1154. Asibitin wurin jinya ne kuma wurin karatu: da safe malamai suna zagaya marasa lafiya tare da ɗalibai, daga baya a zauna a karanta littattafai. Ginin yana nan har yau, an mayar da shi gidan adana tarihin likitanci da kimiyyar Larabawa.

Babban malaminsa shi ne Muhazzabuddin ad-Dakhwar, wanda ya rasu a 1230, ya kuma bar gidansa waƙafi domin a riƙa koyar da likitanci a ciki. Cikin waɗanda suka yi karatu a wajen ad-Dakhwar akwai Ibn Abi Usaibi'a, mai shahararren littafin tarihin likitoci. Ban da likitanci, Ibn al-Nafis ya karanta fiƙihu da hadisi da nahawu da manɗiƙi, kuma daga baya ya yi rubutu a kowane ɗayansu.

Zama a Alkahira

Wajen shekarar 1236 ya koma Masar, a zamanin Sarki al-Kamil na gidan Ayyubawa, kuma a can ya ƙare rayuwarsa. Ya yi aiki a asibitin Nasiri, wanda Salahuddin al-Ayyubi ya kafa, yana kuma karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya. Tajuddin as-Subki ya sanya shi cikin littafinsa na tarihin malaman Shafi'iyya, wanda ke nuna cewa malaman fiƙihu sun ɗauke shi ɗaya daga cikinsu.

Shekarun da ya yi a Masar shekaru ne na tashin hankali. A 1250 Mamalik suka karɓe mulki daga Ayyubawa. A 1258 Mongol suka ci Bagadaza, a 1260 suka shiga Dimashƙa, sai rundunar Masar ta karya su a yaƙin Ain Jalut cikin wannan shekarar. Malamai da yawa daga Iraƙi da Sham suka yi ƙaura zuwa Alkahira, birnin ya zama matattarar ilimi. Ɗalibai daga Afirka ta Yamma ma suna zuwa: al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ ta mabiya Malikiyya, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a shekarun 640 na Hijira.

Ibn al-Nafis ya zama shugaban likitocin Masar, kuma ana ambatonsa a matsayin likitan Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277. A ƙarshen rayuwarsa Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a 1284, wanda ya zama asibiti mafi girma a birnin.

Halinsa da yadda yake aiki

Mafi yawan abin da aka sani game da halinsa ya zo ne ta hannun as-Safadi da al-Umari, marubutan ƙarni na 14, waɗanda suka ɗauko daga mutanen da suka zauna da shi, ciki har da malamin nahawu Abu Hayyan al-Garnaɗi. Sun siffanta shi da dogo, siriri, mai mutunci. Bai yi aure ba. Ya tara dukiya, ya gina gida a Alkahira wanda aka shimfiɗa wa marmara, kuma sarakuna da likitoci da ɗalibai suna halartar majalisinsa.

An ruwaito cewa idan zai yi rubutu, sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta zuba rubutu da ka ba tare da duba littafi ba. In alƙalami ya dakushe sai ya jefar ya ɗauki wani, don kada fiƙa ta katse masa tunani. An kuma ruwaito cewa wata rana yana tsakiyar wanka a gidan wankan jama'a ya fito, ya nemi tawada da takarda, ya rubuta maƙala a kan bugun jijiya, sannan ya koma ya ƙarasa wankansa.

A wajen magani, ba ya ba da magani muddin gyaran abinci zai wadatar, kuma ba ya ba da haɗaɗɗen magani muddin guda ɗaya zai yi aiki. Yana girmama Buƙrat da Ibn Sina, amma yana ganin Jalinus mai tsawaita magana ne ba tare da fa'ida mai yawa ba.

Abin da likitoci suka ɗauka kafin shi

Jalinus, likitan Girka da ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya, ya koyar da cewa hanta ce take sarrafa abinci ya zama jini, jinin ya bazu cikin jiki, gaɓoɓi su shanye shi. Wani kaso na wannan jini yana shiga ɗakin dama na zuciya. Daga nan kaɗan yana zuwa huhu domin ciyar da huhun kawai, wani kuma yana tsiyaya zuwa ɗakin hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ya ce suna cikin bangon da ya raba ɗakunan biyu. A ɗakin hagu ne jinin yake haɗuwa da iskar da ta zo daga huhu.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya karɓi mafi yawan wannan bayani a littafinsa al-Ƙanun. Ya bi Aristo wajen cewa zuciya ɗaki uku gare ta, ya kuma ce jinin da ke cikin ɗakin dama shi ne abincin zuciya. Fiye da shekara dubu bayan Jalinus, wannan shi ne abin da ake karantarwa.

Bayaninsa kan zuciya da huhu

Ibn al-Nafis ya tattara duk sassan al-Ƙanun da suka yi magana kan ƙirar jiki, ya yi musu sharhi a littafi guda mai suna Sharh Tashrih al-Ƙanun. Akwai kwafinsa da aka rubuta a shekarar 1242, wanda ke nuna cewa ya gama shi yana da shekara 30 ko kusa da haka.

A cikin sharhin ya ce zuciya ɗaki biyu gare ta, ba uku ba, kuma bangon da ke tsakaninsu a toshe yake. Babu ƙofa a cikinsa, ko wadda ake gani ko wadda ba a gani, domin naman wurin mai kauri ne. Duk wanda ya taɓa tsaga zuciyar rago ranar Babbar Sallah ya ga wannan bango, nama ne dunƙulalle. To idan bangon a toshe yake, dole jinin ya sami wata hanya. Ibn al-Nafis ya ce hanyar ita ce huhu. Jini yana ɗumama ya tsinke a ɗakin dama, ya hau ta babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu cikin namansa, ya gauraya da iska, sannan mafi tacewarsa ya gangaro ta wata jijiya zuwa ɗakin hagu. Ya maimaita wannan bayani a wurare da dama cikin littafin.

Sunayen jijiyoyin biyu a Larabci suna nuna yadda aka fahimce su a da. Likitoci suna kiran jijiya mai bugawa shiryan, wadda ba ta bugawa kuma warid. Jijiyar da ke kai jini huhu ana kiranta al-warid ash-shiryani, domin an ɗauke ta warid ce mai kaurin shiryan. Wadda ke dawowa daga huhu ana kiranta ash-shiryan al-waridi, an ɗauka iska ce mafi yawan abin da take ɗauke da shi. Ibn al-Nafis ya riƙe sunayen, amma ya sauya aikin da aka jingina musu. Ya ƙara da cewa dole a sami wasu mashiga tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhu. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya ga irin waɗannan siraran hanyoyin jini a huhun kwaɗo da madubin ƙara girman abu.

Abincin tsokar zuciya

Gyara na biyu bai kai na farko shahara ba, amma shi ne ya fi kusa da aikin likitocin zuciya na yau. Ibn al-Nafis ya ƙi yarda da maganar Ibn Sina cewa zuciya tana ci daga jinin da ke cikin ɗakinta na dama. Ya ce abincinta yana zuwa ne ta jijiyoyin da suka ratsa cikin namanta. Waɗannan su ne jijiyoyin da suke fitowa daga gindin babbar jijiyar jiki, su kewaye zuciya kamar rawani, su yi rassa su nutse cikin tsoka.

Ilimin zamani ya tabbatar da wannan ga ɗan Adam. Duk da cewa jinin jiki gaba ɗaya yana ratsa ɗakunan zuciya, in ban da wani ɗan siririn shafe na ciki, tsokarta ba ta amfana da shi kai tsaye. Tana dogara da nata jijiyoyin, waɗanda suke ɗaukar kimanin kashi 5 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa idan mutum yana hutawa. Shi ya sa toshewar jijiya guda ɗaya take iya kashe wani yanki na tsokar alhali ɗakunan suna cike da jini.

Iyakar abin da ya gano

Ibn al-Nafis bai bayyana zagayawar jini gaba ɗaya ba. Ya ci gaba da ɗauka cewa hanta ce tushen jini, kuma jinin da ya tafi gaɓoɓi ba ya dawowa. A ganinsa, amfanin bin huhu shi ne a tace jini ya dace da samar da ruh a ɗakin hagu. Ruh a harshen likitocin lokacin wani abu ne mai laushi kamar tururi da ke ɗaukar ƙarfin rayuwa zuwa gaɓoɓi, kuma sun bambanta shi da nafs, wato rai. Masanin tarihin kimiyya Nahyan Fancy, a littafinsa na 2013, ya nuna cewa wannan sabon bayani yana da alaƙa da ra'ayin Ibn al-Nafis kan dangantakar rai da jiki da kuma tashin jikkuna ranar alƙiyama.

Masana sun yi saɓani kan ko ya taɓa feɗe gawa. A gabatarwar sharhin ya bayyana cewa shari'a da tausayi sun hana shi yin haka, don haka zai dogara da siffantawar magabata, musamman Jalinus, sai inda ya ga kuskure. Amma a wasu wurare cikin littafin yana kafa hujja da abin da feɗewa ke nunawa. Wasu masana suna ganin ya kai ga sakamakonsa ta hanyar tunani da ƙiyasi, wasu suna ganin ya duba zukatan dabbobi.

Sauran littattafansa

Babban aikinsa shi ne ash-Shamil fis Sina'atiɗ Ɗibbiyya, kundin likitanci da ya tsara zai kai mujalladi 300, ya kammala 80. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a ƙarni na 20 aka gano sassansa a ɗakunan karatu daban-daban, ciki har da mujalladai na rubutun hannunsa a jami'ar Stanford ta Amurka. Akwai sashe a cikinsu kan aikin tiyata, da abin da ya wajaba ga likita kafin aiki, lokacin aiki, da bayansa.

Littafin da ya fi yaɗa sunansa shi ne al-Mujaz, taƙaitaccen littafin koyon likitanci da aka gina kan al-Ƙanun. An yi masa sharhi da yawa, an fassara shi zuwa Turkanci da Ibrananci. Ya kuma rubuta al-Muhazzab kan ciwon ido, da sharhi kan ayyukan Buƙrat da na Hunain ibn Is'haƙ.

A wajen likitanci yana da taƙaitaccen littafi kan usulul hadisi, da sharhin at-Tanbih na ash-Shirazi a fiƙihu, da littafin harshe mai suna Ɗariƙul Fasaha. Ya kuma rubuta ar-Risala al-Kamiliyya, labarin wani mutum mai suna Kamil da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya kai ga sanin Mahalicci da buƙatar annabci ta hanyar tunani. Ana kallon littafin a matsayin martani ga Hayy ibn Yaƙzan na Ibn Ɗufail. Max Meyerhof da Joseph Schacht sun tace shi, aka buga a Oxford a 1968.

Rasuwa

Ya rasu a Alkahira ranar 21 ga Zulƙida, 687 bayan Hijira, daidai da 17 ga Disamba, 1288. An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa wani abokinsa likita ya ba shi shawarar ya sha giya a matsayin magani, ya ƙi, domin ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da giya a cikinsa. Ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri.

Makomar bayaninsa

Wasu masu sharhin al-Ƙanun a ƙarni na 14, kamar Sadiduddin al-Kazaruni da Zainul Arab al-Misri, sun kawo maganarsa kan bin jini ta huhu. Duk da haka ba ta kawar da koyarwar Jalinus daga makarantu ba.

A Turai, Michael Servetus ya kawo irin wannan bayani a littafinsa na tauhidin Kirista a 1553, shekarar da aka ƙona shi a Janeba saboda aƙidarsa. Realdo Colombo ya kawo shi a 1559, sannan William Harvey na Ingila ya bayyana cikakkiyar zagayawar jini a 1628. Andrea Alpago, likita ɗan Italiya da ya yi shekaru masu yawa a Dimashƙa, ya fassara wani sashe na sharhin Ibn al-Nafis kan haɗaɗɗun magunguna zuwa Latin, aka buga a Fenis a 1547. Wannan ya sa wasu masana suke ganin mai yiwuwa bayanin huhu ma ya isa Italiya ta wannan hanya, wasu kuma suna ganin Turawan sun gano nasu ne daban.

A 1924 wani likita ɗan Masar mai karatu a Jamus, Muhyiddin at-Taɗawi, ya ci karo da kwafin Sharh Tashrih al-Ƙanun a ɗakin karatu na Barlin, ya rubuta kundin digirinsa a kansa a jami'ar Freiburg. Max Meyerhof, likitan ido Bajamushe mazaunin Alkahira, ya bi diddigin lamarin, ya buga nassin da fassararsa a shekarun 1930. Daga nan sunan Ibn al-Nafis ya shiga littattafan tarihin likitanci na duniya.

Tsokar zuciya a binciken zamani

Tambayar da ta biyo bayan gyaransa na biyu ita ce: me ke faruwa a cikin tsokar zuciya idan jijiyoyinta suka gaza kai mata jini? Amsar tana cikin ƙwayoyin halittar tsokar. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu furotin da ake kira kinas, waɗanda aikinsu shi ne liƙa fosfet a jikin wani furotin, su kunna shi ko su kashe shi. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a shekarun 1950, suka sami kyautar Nobel a 1992.

A 1994 aka bayyana wasu kinas da matsi ke tayarwa, waɗanda aka fi sani da JNK da p38. Ƙarancin iskar oksijin, da kumburi, da miƙewar tsoka fiye da kima duk suna kunna su. Saƙon yana tafiya hawa uku, kamar yadda umarni ke sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa: kinas na farko ya kunna na biyu, na biyu ya kunna JNK ko p38, su kuma su isar da saƙon ga wasu furotin, har da masu juya aikin ƙwayoyin gado. Gwajin da aka buga a 1996 kan zukatan ɓeraye ya nuna cewa yankewar jini tana kunna p38, JNK kuma tana tashi ne idan jinin ya dawo. Sakamakon saƙon ya danganta da ƙarfinsa da tsawonsa: ƙwaya tana iya kare kanta, ko ta sauya girma, ko ta mutu. Wannan fuska biyu tana cikin abin da ya sa haɗa magani ya yi wuya. An gwada maganin losmapimod mai danne p38 a kan mutum kimanin 3,500 da suka sami bugun zuciya, sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna raguwar haɗari ba.

Matsin da tsokar zuciya ke fuskanta ba toshewar jijiya ce kaɗai ba. A ƙasar Hausa hawan jini yana cikin manyan abubuwan da ke gajiyar da ita, haka kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda Davidson da Parry suka yi cikakken bayaninsa daga Zariya a 1978. Likitoci a Kano sun ci gaba da bincike kan wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata.

Tunawa da shi

An sanya wa asibitoci da makarantu sunansa a ƙasashen Larabawa, ciki har da asibitin Ibn al-Nafis na Dimashƙa da wani a Bagadaza da ya ƙware kan ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Ragowar asibitin Mansuri, wanda ya bar wa littattafansa, tana nan cikin gine-ginen Ƙalawun a titin al-Mu'izz na tsohuwar Alkahira.